Sunan da Na Raɗa Daga Tsakiyar Teku

An ce yabon kai jahilci ne, to yau a bar ni in ɗan yi jahilcina. A duk shekarun da na yi a Doha ina tuƙin mota, ba gidan da na gina nake tinƙaho da shi ba, ba kuma Larabcin da na koya ba, wanda dama matata ta ce ya fi kama da faɗan 'yan tasha. Abin da nake tinƙaho da shi kiran waya ne guda, wanda na yi a durƙushe, a wani tsibiri da har yau ban iya faɗin sunansa daidai ba.

Sai an san yadda waya take a wancan lokaci kafin a gane zancen. A unguwar Najma nake kwana, ɗaki ɗaya da wasu 'yan Arewa masu aikin gadi da wani ɗan Zango mai munshari. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, kowa sai ya biya shagon wani Ba'indiye ya sayi katin kiran ƙasar waje, ya kankare bayansa da makulli, ya yi ta danna lambobi masu tsawon carbi. Daga nan mu watsu, wani kan bene, wani kan matakala, wani bayan tankin ruwa, kowa ya toshe kunne ɗaya da yatsa yana ihu. In ka ratsa layinmu a wannan sa'a sai ka ji yaruka kala-kala suna tambayar abu ɗaya: kuna jina?

A can gida kuwa, waya ɗaya ce a duk unguwarmu, ta wani tela. Sabis ba ko'ina yake kamawa ba, don haka a cikin wata tsohuwar hula yake saka ta ya rataye a ƙusa saman ƙofar shagonsa. Kira biyu ake yi: na farko ka ce a kira maka wance, na biyu ku yi magana. Tela mutumin kirki ne, bai taɓa ɓata fuska don an tashe shi daga kan keke ba. Aibinsa ɗaya, kuma a garinmu ba aibi ba ne: ba ya tsallake gaisuwa ko gobara ake yi. Sai ya tambaye ka kwana da gajiya da aiki da zafi da mutanen Makka, don shi a wurinsa duk ƙasar Larabawa unguwa ɗaya ce da Makka. Ni ma kuma ba zan yi ƙarya ba, ina mayar masa da kowace gaisuwa da 'yar'uwarta, kati yana ƙonewa ina ji.

Mahaifiyata ba ta saba da waya ba. In an kawo ta shagon, takan riƙe ta nesa da kunne kamar za ta cije ta, ta ɗaga murya yadda take ganin zai isa ƙasar da nake. Ba ta tambayar aiki, ba ta tambayar yaushe zan dawo. Tambayarta ɗaya ce kullum: "Ka ci abinci?" In ce na ci. Ta ce, "To Allah ya yi albarka," ta miƙa wa Tela wayarsa.

A shekarata ta biyu ta rasu. Ina zaune a mota a bakin Corniche, titin da ke gaɓar teku, ina jiran iyalan maigidana su gama shan iska, sai ga kiran Tela ya shigo ya katse. Na bi baya. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, sannan ya ce in yi haƙuri, an riga an kai ta. Ban ga gawarta ba, ban zuba mata ƙasa ba. Na zauna ina kallon jiragen katako suna lilo a kan ruwa, na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. A nan na ɗaukar wa kaina alkawari: in Allah ya ba ni 'ya mace, sunanta za ta ci.

Mutum ɗaya na faɗa wa wannan alkawari, matata, lokacin da na je hutun shekara. Bayan na dawo Doha aka samu rabo, cikinta na fari. Wanda ba Bahaushe ba zai ce to me ya hana ka faɗa wa manyan gida tun da wuri? Wa zai buɗe baki ya ce wa baffansa, matata na da ciki, ga sunan da nake so? Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe gidanmu tun rasuwar mahaifina, kuma gabansa ko hulata ba na gyarawa. Cikin da ba a sauke ba ma ba a yi masa suna. Ko da ita matar tawa, a shagon Tela mutane na zaune suna jiran ɗinki, iyakar abin da zan ce shi ne, "Yaya ƙarfin jiki?" ta ce, "Da sauƙi." Ita kuma ba za ta iya isar da saƙona ba ko an ɗora mata wuƙa. Haihuwar fari ce, ba ta da bakin magana a kan abin da ta haifa, kuma sunan surukarta ba abin da zai fito daga bakinta ba ne. Na ce a raina ai da saura, in an sauka na kira na faɗa da bakina. Ashe lissafin dokin Rano na yi.

Kafil ɗina, wato maigidan da nake wa tuƙi, wani dattijo ne mutumin garin Wakrah, iyayensa da kakanninsa duk mutanen ruwa ne, masu su da nutson neman lu'ulu'u. Gwiwoyinsa sun gaji, jikinsa kuma ba kaɗan ba, ni nake ɗaga shi in sa a mota in sauko da shi. Ba mai yawan magana ba ne, "yalla" da "khalas", wato "mu je" da "shi ke nan", sun ishe shi yini. Da zafin Doha ya kai inda sitiyari ke ƙona hannu, sai ya ce shi kifi yake son kamawa a wasu tsibirai can cikin tekun Indiya. 'Ya'yansa suka ce ba zai tafi ba sai da ni. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na goge wayata mai tocila, na cika ta da caji, na ce wa 'yan ɗakinmu zan kira su daga tsakiyar teku su ji ƙarar igiyar ruwa.

Tun da muka sauka daga jirgin sama muka shiga jirgin ruwan da dattijon ya yi haya, wayar nan ba ta sake zama waya ba. Tocila ce kawai. Na ɗaga ta sama, na juya ta gabas, na hau rufin jirgi na miƙa hannu kamar mai roƙon ruwa, ko layi ɗaya bai fito ba. Ma'aikatan jirgin, wasu siraran mutane masu ɗaura zane, da sun ga na nufi rufi sai su fara dariya. Tsibiran kuwa ga su nan birjik, ƙanana, farin yashi da bishiyoyin kwakwa, wani ma in ka yi atishawa a wannan gefe sai a yi maka addu'a daga wancan. Yawancinsu ba kowa. Mutanen yankin Musulmi ne, abincinsu kifi da kwakwa, safe da rana da yamma, har na fara mafarkin miyar kuka. Muka yi kwanaki a haka, dattijo yana jefa ƙugiya, ni ina riƙe da kujerarsa kada ta zame.

Wata rana bayan azahar muka tsaya a wani tsibiri mai mutane don ɗibar ruwan sha. Ina sauka na hango wata 'yar rumfar gilashi kusa da masallaci, da waya a ciki irin ta kati. Mai shagon da ke gefe ya lalubo mini kati ɗaya, ya nuna mini da hannu cewa shi ke nan ya rage, sai jirgin kaya ya zo. Na danna lambar Tela, wadda na haddace kamar Fatiha.

"Salamu alaikum! Kai ne? Ikon Allah! Ina kwana? Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya mutanen Makka?"

Na amsa, na tambaye shi iyali da ɗinki da yadda damina ta yi. Ya ba ni labarin ruwan da aka yi har katangar makwabcinsa ta faɗi. Na jajanta. Sai ya gyara murya.

"Albishirinka!"

"Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari, malam Tela, fari ƙal!"

"To an sauka lafiya, mace aka samu. Mun neme ka har mun gaji, wayarka ba ta shiga. Gobe ne suna ai. Baffa ya yi mata kiran salla a kunne tun ranar, ya bar sunan yana jiranka. Jiya dai ya ce tunda uban ya yi shiru, gobe da safe zai sa mata sunan tasa mahaifiyar, kakarka ke nan, ka ga ai..."

Ɗif. Kati ya ƙare.

Na tsaya da kan waya a hannu, farin ciki da baƙin ciki suka haɗe mini. Ina da 'ya. Gobe kuma za a sa mata sunan da ba shi na yi alkawari ba, sunan da in liman ya shafa fatiha a kansa ba mai cire shi. Baffa bai yi laifi ba, kakata ma uwa ce. Haushin kaina na ji da na Tela: mun ci kati kaf a kan katangar makwabci da launin goro. Na koma wurin mai shago, ya buɗe mini tafukan hannunsa. Na zaga tsibirin gida-gida ina nuna mataccen katin, mata suna leƙe suna dariya, ba wanda yake da wani.

Shugaban ma'aikatan jirgin yana ɗan jin Larabci irin nawa. Ya ce akwai babban tsibiri mai rumfunan waya da kati, amma a baya yake, inda muka fito. Mu kuma gaba za mu yi da asuba, can inda manyan kifaye suke, wurin da dattijo ya baro Wakrah dominsa. Daga can sai bayan kwanaki.

Tun da na fara aiki da dattijon nan ban taɓa roƙonsa komai ba, ko hutun yini. Da wannan ma nake tinƙaho a Najma. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Bayan la'asar na same shi a kujerarsa yana gyara zaren ƙugiya, na tsaya a gabansa, na kwashe duk Larabcin da nake da shi na zube. Na ce an yi mini haihuwa, gobe za a sa suna, ina so a juya jirgi.

Ya ce, "Mabruk." Sannan ya ce suna ai suna ne, duk na Allah ne, in na koma Doha na kira. "Khalas."

Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci ba na iya ɓoyewa, gadon gidanmu ne. Na ce, "Baba, uwata ta mutu ina riƙe da sitiyarin motarka. Ban binne ta ba. Wannan kaɗai ya rage da zan yi mata. In ba za a juya ba, a bar ni a tsibirin nan, zan nemi masunta su kai ni." Fasfona yana cikin jakarsa, na sani, shi ma ya sani.

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "Mene ne sunanta?"

Rabon da in kira sunan mahaifiyata da bakina har na manta. Mu ba ma kiransa. Na faɗa masa a hankali, kamar mai tsoron kada ta ji. Ya maimaita shi, ya ce suna ne mai kyau, akwai shi a danginsu. Can ya ce, shi ma da aka haife shi mahaifinsa yana teku wurin nutso, ya yi watanni. Da ya dawo ya tarar kawu ya riga ya sa suna. Har tsohon ya mutu bai taɓa kiransa da wannan suna ba, "kai yaro" yake ce masa. Ya ci gaba da gyaran zarensa. Ban san ko na ci ko na faɗi ba, na dai je na haɗa 'yan kayana a leda.

Da asuba bayan mun idar da salla, ya ɗaga hannu ya nuna wa shugaban jirgin baya. "Yalla."

Sai dai teku ba ta san da alkawarina ba. Iska ta taso, ruwa ya yi ta ɗaga jirgin yana bugawa, tafiyar ta zama ta hawainiya. Na rungume kujerar dattijo da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe ƙarfe. Rana ta fito, ta ɗaga, ta yi hantsi. A garinmu da an fito sallar asuba ake taruwa a raɗa suna, kafin hantsi an raba goro an watse. Ina kallon rana tana hawa ina jin kamar a kan ƙirjina take hawa. Da tsibirin ya bayyana ma ban yi murna ba. Na ce wa dattijo, "Baba, an riga an gama. Na wahalar da kai a banza."

Ya ce, "Kai da kake kiran gida kowace Juma'a? In mun sauko daga masallaci a Doha, su sun yi azahar?"

Ba su yi ba. Kullum in na kira bayan Juma'a, Tela yakan ce su ko wanka ba su yi ba. Rana ta nan take fara biyowa kafin ta isa gare su, kuma tsibiran nan sun fi Doha gabas nesa ba kusa ba. Hantsin da nake gani bai isa garinmu ba tukuna. Can yanzu ake shimfiɗa tabarmi.

Ban jira an ɗaure jirgi ba, na dira cikin ruwa har gwiwa. Na sayi kati cike da hannu, na shiga rumfar farko da na gani, wandona yana ɗiga.

"Salamu alaikum! Kai ne? Jiya sai muka ji..."

"Malam Tela, yau ba gaisuwa. Ka yafe mini. Ɗauki wayar nan ka ruga ƙofar gidan surukaina, ka ba Baffa."

Tunda nake ban taɓa katse wa babba gaisuwa ba sai ranar. Tela ya ce "To!" da muryar wanda aka mara, amma ya ruga. Ina jin takunsa da hakinsa, da carar zakaru, murya tana ɗaukewa tana dawowa. Kati ya ƙare, na zura wani, na sake danna lambobin. Da ta shiga sai na ji hayaniyar maza, da Tela yana cewa a matsa, a nan kan dakali ne kawai take kamawa. Sai muryar Baffa.

Shi kam ba a katse masa gaisuwa. Ban san lokacin da na durƙusa ba, a cikin rumfar gilashi, igiyar waya ta miƙe iya tsawonta. Masuntan tsibirin suka taru suna kallon wani ƙaton baƙin mutum ya tsuguna yana gaida akwatin ƙarfe. Ko a jikina.

"Ina ka shiga?" in ji Baffa.

"Ina tsakiyar teku, Baffa."

"Teku. To ga liman zaune, ga goro an kawo. Me ke bakinka?"

Na ce, "Baffa, ina neman alfarma. Ina so a mayar da sunan mahaifiyata."

Na san abin da nake nema: ya janye sunan tasa uwar a gaban mutane, bayan ya riga ya faɗa. Can ya yi gyaran murya.

"Ai da ka faɗa tun da wuri."

"Kunya ce, Baffa."

"Kunya." Na ji ya yi 'yar dariya ta hanci. "Matar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni lokacin da aka kawo ta gidanmu. Ba ni zan hana ta takwara ba. Amma zuwa da kai ya fi aike. Tunda ga ka, faɗa wa yarinyar da bakinka."

Na ji yana cewa a miƙo ta. Gwaggona ce ta fito da ita zaure a naɗe, aka matso da ita bakin dakali inda sabis yake. Gwaggo ta ce, "Ga kunnenta nan, yi magana." Na ji wani ɗan numfashi, ƙarami, mai sauri. Na yi bismilla, na kira sunan mahaifiyata a kunnen 'yata, a fili, na sake kira. Ta yi wani ɗan ƙara kamar mage. Daga nan sai muryar liman, sai amin ta maza da yawa, sai maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta sunan har na ji guɗar mata daga cikin gida. A tsakiyar guɗar katin ya ƙare, ban kuma sa wani ba.

Na fito idona jawur. Dattijo yana kan kujerarsa a bakin jirgi, an sauko da shi. Ya ɗaga gira, na gyaɗa kai. Ya aika aka sayo duk wani abin zaƙi da ke shagon tsibirin aka raba wa masuntan da suka kalle ni, ya ce ba a suna ba walima. Manyan kifayen nan bai kama su ba a wannan tafiya, iska ba ta bari ba, kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba har muka rabu.

Da na koma Najma na ba da labarin har 'yan ɗakinmu suka haddace, ɗan Zango yana cewa kowane mako tekun ƙara zurfi take yi. Tela ya yi fushi da ni na ɗan lokaci, sai da na kira shi musamman na biya shi gaisuwar da na katse, da ribarta.

A gida ba mai kiran yarinyar da sunanta. Matata ba za ta iya ba, ni ma tun ranar ban sake ba. Uwata nake ce mata. Tana da 'yan shekaru, bakinta ya fara buɗewa, wata Juma'a da yamma ina zaune a mota a bakin Corniche, kusan inda na zauna a wancan karon, na kira shagon Tela aka kawo ta. Ina jin gwaggo tana raɗa mata cewa ga ɗanki nan, yi masa magana.

Na ce, "Uwata, kina jina?"

Ta ɗaga murya iya ƙarfinta, yadda zai isa ƙasar da nake. Ta ce, "Ka ci abinci?"

Na ce na ci.